Ranar da Barmo Ya Ɗora wa Yaya Manzo Tukunya

Duk Tanut babu wanda bai san Barmo ya iya girki ba, don shi da bakinsa ya gaya wa kowa, wasu ma sau uku. Wata huɗu ya yi a wani shantiyen haƙar zinariya can gaba da Agadas, ya dawo da baƙin tabarau, da doguwar farar hula mai kama da buhun gishiri, da labarin cewa shi ne babban kuku, mutum ɗari uku ke ci a hannunsa kullum. Matarsa Raliya ta san gaskiyar zance, don wanda suka tafi tare ya tsegunta mata: albasa yake yankawa, in an gama ci ya wanke kwanuka. Ba ta taɓa faɗa ba. Ta daɗe da iya haɗiye magana kamar yadda ake haɗiye ƙwayar zazzaɓi.

Wannan bakin ne ya raba ta da yayanta. Shekara uku ke nan da aka yi sunan jikan Yaya Manzo a Tanhiya. Matar Manzo, Rahama, ta tuƙa tuwon hatsi, ta kaɗa miyar kuka da man shanu, aka fitar wa maza. Barmo ya kai loma ɗaya, ya ɗaga kai sama kamar kaza ta sha ruwa, ya ce a gaban liman da baƙi su a shantiye da irin wannan miyar suke wanke tayar kamiyo, babbar motar kaya. Manzo bai yi faɗa ba. Hannunsa kawai ya zare daga akushi, ya rantse ƙafarsa ba za ta sake taka gidan ƙanwarsa ba sai ranar da ya ci abin da Barmo ya dafa da hannunsa.

Raliya kuwa ba ta da kowa sai shi. Shi ya riƙe ta tun rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita. Salla shida ta wuce bai leƙo ba. In ya shigo kasuwar Tanut sayar da awaki, sai dai ta ji a bakin mutane. Ta aika dattawa har ta gaji, kafin Allah ya sa ya yarda: ranar kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, zai zo ƙofar gida. In ya ci, zai shiga. In bai ci ba, zai juya.

Tun saura mako guda ta fara shiri. Likita ya hana Manzo nama saboda tansiyo, wato hawan jini, kuma ta san abin da ransa ke so tun suna yara: dilo da wake, a zuba man gyaɗa da ɗan yaji. Kowa a ƙasar Damargu ya san dilo, wato ƴaƴan anza, ba a yi musu gaggawa. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana sauya ruwa safe da yamma, kafin ɗacin ya fita su zama abinci. Ta jiƙa, ta yi ta sauyi, har ruwan wankanta ta rage don wannan.

Ana gobe za a yi, ta sami Barmo a tsakar gida yana goge tabarau.

"Malam, abu ɗaya kawai za ka yi," ta ce. "Ka zuba dilon nan da wake a tukunya, ka zauna ka yi shiru har ya nuna."

"Dilo da wake." Ya dube ta sama da ƙasa. "Shekara uku mutum yana jiran hannuna, in tarbe shi da abincin ƙauye kaɗai? Kala uku zan yi. Taure gasasshe cikin rami irin na Buzaye, wannan na mutanen unguwa. Tuwo, don matarsa ta ga yadda ake yi. Sannan nasa marar nama."

"Waɗanne mutanen unguwa?"

"Na sanar a masallaci."

"Duka?"

"Har ƴan sahun baya."

Raliya ta nemi turmi ta zauna a kai.

Washegari motar farko daga Tanhiya ta sauke Rahama, da ƴar kujerarta a hammata. Ta gaisa da Raliya, suka riƙe hannu sun daɗe ba su saki ba, sannan ta dasa kujerar daidai bakin madafa.

"Yayanki ya ce in zo in zama ido," ta ce. "Ke ba tukunya, ba ludayi, ko ice kada ki gyara. Ruwa dai za ki iya yayyafa masa in ya suma." Ta juya wajen Barmo, wanda ya fito da farar hularsa har tana taɓa rumfa. "Barka da asuba, Shef. Mai wankin taya ce ta zo ɗaukar darasi."

"Kin yi dabara, Hajiya. Ilimi ba ya tsufa."

"Shi ya sa na zo da wuri, kada ya ƙare."

Da nama aka fara. Maƙwabcinsu Attahir mahauci ya zo ya yanka tauren, ya feɗe, ya gyara tsaf, ya ce in ana so ya tsaya ya taimaka da gashi. Barmo ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

"Attahir, kai yanka ka sani. Daga nan aikin ya fi ƙarfinka."

"Shekara talatin ina gashi."

"Shekara talatin kana ƙona wa mutane nama. Tsaya ka gani."

Ya shafe naman da yaji da mai, ya naɗe shi cikin takardar siminti, ya ƙara da jiƙaƙƙen buhu. Raliya ta roƙe shi ya haƙa ramin a cikin gida, inda in abu ya ɓaci bango zai rufa asiri. Ya ƙi. Ya ce ilimi ba a ɓoye shi, a filin ƙofar gida zai yi don jama'a su ƙaru. Ya haƙa rami a tsakiyar rairayi, ya hura wuta a ciki, kafin icen ya gama zama garwashi ya jefa ƙunshin, ya tura yashi ya rufe, ya hau kai ya tattake.

"Ba ka bari wutar ta faɗa ba," in ji Attahir. "Kuma ba ka sa wata a sama ba."

"Zafin ƙasa ne ke aiki. Kimiyya ce."

"To ka kafa sanda ko dutse, don ka gane wurin."

Barmo ya taɓa hancinsa da yatsa. "Ga alamata nan."

Attahir ya goge wuƙarsa a hankali, ya leƙa zauren gidansa ya ce wa iyalinsa su ɗora tukunyar yamma kamar kullum.

Da aka koma ciki, Raliya ta turo masa ƙwaryar dilon da ta jiƙa, da ƙafa ta turo don kada a ce hannunta ya taɓa. Ta dubi Rahama da ido mai roƙo.

"Jiƙo ba dahuwa ba ne," Rahama ta ce. "Wannan na yarda. Ya ɗauka ya dafa."

Raliya ta sauke numfashi. Ba ta gama saukewa ba, Barmo ya ɗebi ƙwayar dilon ya murza tsakanin yatsu, ya taɓe baki.

"Kun kashe shi. Kwana bakwai cikin ruwa, duk bitamin ya gudu. Abin da ya sa mutanen ƙasar nan ba sa ƙiba ke nan."

Ya ɗauki ƙwaryar ya juye wa awaki a garke. Raliya na tsaye tana kallon aikin mako guda yana shiga bakin tunkiya da akuya, har suna ture juna.

Ya shiga ɗaki ya fito da tiya guda ta ɗanyen dilo, busasshe, wanda ko wanki bai gani ba, da wata tukunyar ƙarfe mai murfi da marufin juyawa. Wajen wata malamar lakwal, wato makarantar boko, ya aro ta.

"Kokot ke nan," ya ce, yana buga gefenta. "Abin da kuke yi a kwana bakwai, minti ashirin take yinsa. Tururi ne ke matse ɗacin ya fita."

"Ya fita ya je ina, tunda ka rufe?" in ji Rahama.

"Tambayar ɗaliba mai ƙoƙari. Za mu zo kansa."

Ya zuba dilo da wake, ya cika ruwa har wuya, ya murɗe murfin, ya ɗora. Jim kaɗan tukunyar ta fara fito, tururi na fita ta ɗan bututun da ke sama. Barmo ya sunkuya ya shinshina, ransa ya ɓaci.

"Ta lalace. Ƙamshin duk yana zurarewa."

"Malam," Raliya ta ce, "ina ga haka aka yi ta."

"Kin taɓa zuwa shantiye?"

Ya tsinci ƙwallon dabino ya cusa a bututun, ya buga da gindin ludayi. Fiton ya tsaya. Ya buɗe hannuwa yana jiran yabo. Rahama ta ɗauki kujerarta ta koma bayan rumbu.

"Daga nan ma ina gani," ta ce.

Raliya ba ta san kimiyya ba, amma ta san tukunyar da ta yi shiru tana rawa a kan murhu ba alheri take shiryawa ba. Ta kamo bayan rigar mijinta ta fizgo shi. Ko taku uku ba su yi ba abin ya tashi. Ƙwallon dabinon ya huda rumfa ya wuce, ruwan wake ya bi shi a tsaye kamar an fasa famfo, kaji suka haura katanga. Farar hula ta koma kalar ƙasa. Daga gidan Attahir aka ɗaga murya ana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau," Barmo ya amsa, yana share wake daga gira. "Ɗacin ne ya fita."

Da tukunyar ta huce ya buɗe, ya juye abin da ya saura a tukunyar ƙasa. Ya ɗebo a ludayi ya kai baki. Raliya ta ga wuyansa ya miƙe, kunnuwansa sun motsa, idonsa ɗaya ya rufe da kansa.

"Yaya?" in ji Rahama.

"Saura kaɗan."

Ya zuba sukari kofin shayi biyu. Ya ɗanɗana. Ya jefa kanwa dunƙule guda, abin ya yi kumfa ya koma kore. Ya ɗanɗana. Ya ƙara sukari, ya bi da yaji, ya bi da tsamiya, daga ƙarshe ya juye madarar garin da Raliya ke ɓoyo don baƙi. Wannan karon bai ɗanɗana ba. Ya rufe da faifai, ya ce a bar shi ya yi tunani.

Azahar ta yi, aka zo kan tuwo. Raliya ta matso kusa da shi kamar mai neman wani abu a ƙasa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Talge tukuna. Ka dama kaɗan da ruwan sanyi."

"Na ji," in ji Rahama daga inuwa. "Amma bar ta, ai ba zai ɗauka ba."

Bai ɗauka ba kuwa. Ya ce talge ɓata lokaci ne da mata suka ƙago don a ce suna aiki. Ruwa na tafasa ya ɗaga ƙwaryar garin hatsi ya kife ta duka a ciki, ya soka muciya. Juyi biyu ta yi ta tsaya cak. Ya ja, ta ƙi. Ya tura, tukunyar ta biyo shi. Ya ɗaura hula da kyau, ya taka bakin tukunyar da ƙafa, ya riƙe muciyar da hannu biyu ya banƙare baya. Muciyar ta karye gida biyu, shi kuma ya zauna daɓas cikin kwatarniyar ruwan kaji.

"A shantiye inji ke tuƙawa," ya ce daga ƙasa.

"Ai na ga alama, Shef. Mutum ɗari uku, kuma duk sun dawo gida da ransu?"

Ƙasan tuwon ya ƙone, tsakiyarsa gari ne busasshe, samansa ya daskare. Mara ta ƙi shiga. Da adda ya yanka shi, ya jera a tire murabba'i-murabba'i, ya ce haka Turawa ke cin nasu. Miya kuwa ba a ma yi zancenta ba, don lokaci ya tafi.

Raliya ta yi sallar la'asar ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Tana sallamewa ta ji hayaniya a waje. Ta je zaure ta leƙa ta tsagar ƙofa. Maza sun shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, sun fi arba'in, wasu har da kwanon kai wa iyali. A gefe guda, kan buzunsa, ga Yaya Manzo. Ya rame. Gemunsa da ta sani baƙi ya yi fari fat. Ya zauna ya ba ƙofar gidan gefe, bai ko dube ta ba. Ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.

Barmo ya fito da shebur a kafaɗa, ya sake riga, hular dai ita ce.

"Jama'a, ku gyara zama. Abin da za ku ci yau, jikokinku za su ji labari."

Ya juya wajen fili ya tsaya. Ranar kasuwa ce. Filin da ya bari fayau da safe yanzu ya cika da jakuna, da amalanke biyu, da raƙuman mutanen daji da aka gurfanar aka dabaibaye. Sawu ya bi ko'ina ya shafe.

Ya ɗaga hanci ya shaƙa gabas, ya shaƙa yamma. Abin da ke filin ba ƙamshin nama ba ne.

"Alamar ta toshe?" in ji Attahir.

Barmo ya tuɓe takalma, ya ce inda yashi ya fi zafi nan ne. Sai dai watan bazara ne, yashin Tanut duk zafinsa ɗaya. Ya yi ta tsalle daga nan zuwa can kamar an sa zakara a kasko, ya tsaya wani wuri ya ce ga shi. Ya haƙa har gwiwa, ya fito da tsohon takalmin roba. Ya haƙa na biyu, jaki ya kai masa harbi. A na uku ya ciro muƙamuƙin saniya, wani tsoho ya ce, "Kai, ya dahu da yawa."

Attahir ya bari sai da ya haƙa na biyar, sannan ya nuna da haɓa. "Ni dai da safe, daidai inda farin raƙumin can yake kwance na ga ka tattake."

Raƙumin ƙato ne, ya baje kan wurin yana tuƙa, idonsa a lumshe. Aka ce na Ila ne, wani Buzu mai kawo cuku, ya shiga kasuwa. Aka ce a aika a kira shi. Barmo ya ce ba sai an kira kowa ba, shi da ya zauna da Buzaye wata huɗu, harshen raƙumi a bakinsa yake. Ya tsaya gaban dabbar ya yi wata kuwwa. Raƙumin ya buɗe ido ɗaya. Ya sake yi, ya haɗa da tafi. Ya kama akala ya ja. Raƙumin ya yi gurnani tun daga cikin ciki, ya kwaso abin da yake tuƙa tun safe ya fesa masa daga hula har ƙirji.

"Ya amsa," in ji Attahir. "Me ya ce?"

Ana cikin dariya Ila ya iso, da rawaninsa da sandarsa. Ya kwance dabaibayin, ya yi ɗan tsaki sau ɗaya, raƙumin ya miƙe. Inda ya tashi, yashin jiƙe yake sharkaf, kuma ba ruwan sama aka yi ba. Masu kwanuka suka fara mayar da su cikin riga.

Barmo ya haƙa duk da haka. Ya jawo ƙunshin, ya warware buhu, ya yage takarda. Naman na nan yadda Attahir ya ba shi, ja wur, gefe ɗaya kawai ya yi baƙin hayaƙi. Warin da ya taso ya sa sahun gaba suka ja tabarma baya.

Ila ya leƙa ramin, ya leƙa naman. "Wane ne ya yi wannan?"

"Gashin rami ne," in ji Barmo. "Irin naku."

"Namu?" Ila ya gyara rawani. "Mu garwashi muke sawa ƙasa, mu sa sama, mu zauna mu tsare. Kai jana'iza ka yi masa. Da ka gaya mini da na zo gaisuwa."

Wani ya faɗi kan ɗan'uwansa don dariya. Manzo kaɗai bai yi ba. Ya dubi rana, ya ga ta yi ƙasa, ya jawo takalmansa kusa.

Raliya ta ga wannan jan takalmin. Ba ta san lokacin da ta koma ciki ba, ta tarar Rahama ta riga ta juye dilon a akushi.

"Ba zan kai masa wannan ba," Raliya ta ce. "Mutum mai tansiyo. In ya kwanta fa?"

"In bai ci ba, motar Tanhiya na tashi kafin magariba. Kin san yayanki."

Aka fitar da tire da akushi. Tuwon ya fara zagayawa. Wani ya gwada da haƙori ya mayar. Attahir ya ɗauki guda ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya roƙi a ba shi biyu, teburinsa na kasuwa na da gajeriyar ƙafa. Sannan Barmo ya ajiye akushin gaban Manzo, ya ɗaga faifai. Abin ciki kore ne mai ratsin fari, yana ƙyalli, ya kama jikinsa kamar kwaɓin gini.

"Yaya, ga naka. Babu nama, babu kitse. Ko likitocin lopital ba za su haɗa maka irinsa ba."

Raliya ta yafa mayafi ta fito tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta durƙusa nesa kaɗan da buzun.

"Yaya, sannu da zuwa," ta ce. "Ba a jiƙa shi ba. Na jiƙa wani, awaki suka ci. Kada ka ci, Yaya. Na haƙura, ko daga nan ma na gan ka."

Manzo ya dube ta, karo na farko cikin shekara uku. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya miƙa hannu aka zuba masa ruwa ya wanke.

"Barmo, zauna. A garinmu mai girki ke buɗe akushi."

"Ai kuku ba ya ci, Yaya. Ƙamshi ke ƙosar da shi."

"Zauna."

Ya zauna. Ya gutsuri ɗan mitsitsi, Manzo ya girgiza kai, ya ƙaro. Ya kai baki. Mutum arba'in suka zuba wa maƙogwaronsa ido. Hawaye ya zubo ta ƙarƙashin baƙin tabarau, layi biyu. Jijiyar wuyansa ta tashi. Ya haɗiye, abin ya dawo, ya sake haɗiyewa.

"Ya ji..." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Ya ji haɗi."

"Ƙara, don ka tabbatar."

Ya ƙara. A ta uku hular ta faɗo cikin cinyarsa, bai ɗauka ba.

Sai Manzo ya yi bisimilla, ya sa yatsu uku ya ɗebo loma, ba babba ba, ba kuma ta wasa ba. Raliya ta rufe ido tana karanto duk abin da ya zo bakinta. Da ta buɗe, yana taunawa. Fuskarsa ba ta motsa ba, gemun ne kawai ke karkarwa. Ya haɗiye. Ya buɗe baki ya nuna wa liman, ya nuna wa Attahir.

"Kun shaida?"

"Mun shaida," in ji liman. "Allah ya ba da lada, don wannan akwai lada."

Manzo ya miƙe, ya naɗe buzunsa ya saɓa a kafaɗa. Ya bi ta gefen ramuka shida, ya zo bakin zaure, ya sa ƙafar dama ya shiga. Raliya ta bi bayansa tana tuntuɓe da mayafi, tana kuka tana tambayarsa ko kansa na juyawa, ko a kira likita, ko a kawo nono. Rahama ta riga ta hura wuta a murhu na biyu, ta jawo kwandon zogale da ƙuli tana gyarawa.

A tsakar gida ya tsaya. Ya dubi hudar rumfa, da waken da ya manne a bango, da guntun muciya a ƙasa. Ya karɓi moɗa ya kuskure baki sau uku, ya zubar.

"Raliya," ya ce, da murya yadda na waje za su ji, "ni loma ɗaya na yi, na ji kamar raina zai fita. Ke kuma da mutumin nan kike kwana kike tashi, ban taɓa jin kin kai ƙara ba. Ni ya kamata in zo ba ki haƙuri tun tuni."

A waje Barmo na zaune gaban akushi, harshensa ya yi nauyi, mutane na naɗe tabarmi kowa zai tafi cin tuwon gidansa. Ya ɗaga yatsa ya tsayar da su.

"Kun dai ji da kunnenku," ya ce. "Loma ɗaya ta ishe shi."